Masaukin da Ke Karɓar Kare

Manchester ta tarbe ni da ruwan sama da lambar wayar da ba a ɗauka. Mutumin da ya shirya mini takardun aikin kula da tsofaffi ya rantse cewa mota za ta jira ni a filin jirgi, ɗaki na nan, aiki kuma ranar Litinin. Na tsaya da akwatuna biyu ina kiransa har cajin wayata ya ƙare. Ban taɓa ganin fuskarsa ba, har yau ma ban gani ba. Na yafe masa rabi, sauran rabin sai mun haɗu gaban Ubangiji.

Wata ɗaliba 'yar Kano mai suna Hadiza ce ta tsince ni. Ta zo raka ƙawarta, ta ji ina zage-zage da Hausa ni kaɗai, sai ta tsaya ta ce, "Baiwar Allah, da wa kike faɗa?" Ta kai ni ɗakinta a Rusholme, saman wani gidan abinci, inda ƙamshin soyayyar albasa ke shiga har cikin gashin mutum. Sati bakwai ina kwana a ƙasa kusa da hita. Ita ta shimfiɗa sallaya, ni in buɗe Littafi Mai Tsarki, ba wadda ta taka wata. Ranar da zan bar ɗakin ta ba ni rigar sanyinta, ta ce wai ta yi mata yawa. Ƙarya take yi, daidai jikinta ce.

Abin da ya fito da ni daga ƙauyenmu na kusa da Zonkwa ciwon Babana ne. Ƙafafunsa sun kumbura, ya daina zuwa gona, magani kuma ba ya jiran a cire amfanin gona. Yayana Bitrus ne ke jinyarsa. Duk Lahadi bayan sujada nakan kira, Yaya ya kara masa wayar a kunne, Baba ya yi mini tambayoyinsa biyu da ba sa canjawa: "Rifkatu, kina cin abinci? Sanyin fa?" In na amsa sai ya ce to, in kashe haka nan, kada wayar ta cinye mini albashi.

Ta hanyar coci na samu aiki a Birmingham. Dattijo Ishaya, mutumin Pankshin, direban tasi kuma dattijon ikilisiya, shi ya ji labarina ya haɗa ni da wani kamfani da ke tura ma'aikata gidajen tsofaffi. Matarsa Mama Talatu ta samo mini ɗaki kusa da su a Sparkbrook. Kamfanin ya tura ni Ladywood, wurin wani tsoho mai suna Alan, tsohon makanikin bas, ya haura tamanin, matarsa ta rasu, ɗansa Mark yana can wani gari sai ƙarshen mako. Ranar farko ya ce in kira shi Alan kawai. Na ce a garinmu wanda ya kama sunan sa'an kakansa gatsau ba ya gamawa lafiya. Na sa masa Kaka, na kuma yi masa bayani cewa tsakanin jika da kaka akwai wasa, don haka ya shirya shan tsiya. Ya ce ya daɗe ba a tsokane shi ba.

Sai dai gidan da karya, wato macen kare, sunanta Bess, baƙa da farin ƙirji, ita ma ta tsufa har gemunta ya yi fari. Ni ba baƙuwar kare ba ce. Babana yana da nasa, Ƙyale-su, amma Ƙyale-su ya san matsayinsa: ƙofar gida, ƙanzon tuwo, da sanda in ya leƙa kicin. Ita kuwa Bess a kan gado take kwana, tana da tawul nata, da likitanta, da ranar haihuwa. Wata guda cur ba ma ga maciji da ita. Ranar da muka shirya, na zauna a kicin ne ina kuka saboda kewar gida, ban ankara ba sai na ji nauyi a kan ƙafata. Ta ɗora haɓarta, ba ta kalle ni ba, ba ta motsa ba har na gama. Daga ranar ni ke fita da ita yawo kowace safiya, gashinta kuma ya kama rigar Hadiza ya ƙi fita.

A bangon falon akwai hotuna cike: tanti, tudu, tumaki, matarsa da butar shayi, Bess tun tana ƙarama. Duk shekara sukan je wata gona a tsaunukan Shropshire su kafa tanti. Na ce, "Kaka, mutum yana da ɗaki da hita da gado, ya ɗauki tanti ya tafi daji ya kwana a ƙasa, har ya biya? A wurinmu wannan gudun hijira ake ce masa." Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya huta sai ya ce an sayar da waccan gonar, shi kuma likita ya gaya masa zuciyarsa ba ta da sauran dogon zango. Yana son sau ɗaya tak ya sake zama a bakin tanti da Bess, kafin ɗayansu ya riga ɗaya. Wayar zamani ta fi ƙarfinsa. Ko zan nemo masa wurin da ke karɓar kare, wanda kuma keken marasa lafiya zai iya shiga? Na ce ai wannan ƙaramin aiki ne. Bakina ne ya ja mini.

Na ɗauka a ƙasar da kare ke da ranar haihuwa ba inda za a hana shi shiga. Ashe ba haka ba ne. Bazararsu ta shigo, tumaki na haihuwa, manoma da yawa ba sa son jin ko sunan kare. Wani ya ce in sake kira bayan wata biyu. Wani ya yarda da kare, amma sai an hau matakala kafin a kai filin. Wata ta tambaye ni jinsin karyar, na ce baƙa ce da farin ƙirji, ta ce ba abin da ta tambaya ke nan ba. Wani kuwa da ya ji harshena ya sa na maimaita maganar sau uku, sannan ya ce sun cika, alhali a shafinsu ga wurare nan a buɗe. Duk wanda na kira ina rubuta sunansa a bayan wata ambulan, in kai wa Kaka mu zage shi tare.

Ana cikin haka ya faɗi a banɗaki, ƙashin ƙugunsa ya tsage, aka kwantar da shi a asibiti. Mark ya roƙe ni in ci gaba da zuwa gidan safe da yamma saboda Bess. Ta daina cin abinci. Takan kwanta a bakin ƙofa hancinta a kan takalminsa. A kwana na tara na shigo na tarar ta kasa tashi. Mark ya zo muka kai ta wurin likitan dabbobi, aka duba aka ce ƙari ne ya daɗe yana cin cikinta, ba abin yi sai a hutar da ita. Ni na riƙe kanta. Ni da a gida ko kallo kare bai ishe ni ba, na fito ina sharɓar kuka a titi har wata mata ta miƙo mini hankici.

Washegari na je asibiti. Ban tambayi Mark komai ba, don ko a mafarki ban taɓa tunanin akwai abin tambaya ba. A wurinmu ba a kai wa mai kwance labarin mutuwa. Ana jira ya samu ƙarfi, a nemo babba, a zaunar da shi, a ba shi ruwa, a zagaya a zagaya kafin a sauka kan maganar. Wanda ya faɗa wa majinyaci mutuwa gaba-gaɗi, in wani abu ya same shi, shi ya kashe shi. Don haka tun daga bakin labule na washe baki na ce, "Kaka, Bess na gaishe ka. Yau ta ci abinci sosai."

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya ce, "Haka ne?"

"Haka ne. Sai ka yi sauri ka warke, tana jiran tantinta."

Ya juya fuskarsa wajen taga, ya ce to, in ci gaba da neman wurin.

Haka na shiga neman masauki wa karyar da ta riga ta mutu. Da na daina nema zai gane, don haka na ƙara ƙaimi. Duk zuwa asibiti ina tafe da sabon labari: yau ta kori tantabara, yau ta sace mini biredi, yau ta yi fushi don na makara. Shi kuma ya lumshe ido yana saurare, wani lokaci ya gyara mini, ya ce a'a, Bess ba ta cin ɓawon biredi, sai tsakiyar. In na fito sai in tsaya a matakala in huta, kamar wadda ta sauke dakon itace. Ƙarya nauyi gare ta, ko da ta alheri ce.

Wajen wannan lokacin ne muryar Babana ta fara wuyar samu. Lahadin farko Yaya Bitrus ya ce yanzun nan ya sha magani ya kwanta. Ta biyu ya ce an kai shi wurin Goggo a Kafanchan don ya fi kusa da asibiti, can kuma layi ba kyau. Ta uku ya ce, "Yana gaishe ki. Yau ma ya ci abinci sosai. Ya ce ki riƙe aikinki da kyau." Na ji daɗi har na kai wa Kaka labari, na ce tsofaffina biyu duk suna samun sauƙi. Hankalina yana kan tawa ƙaryar, ban da sararin auna maganar wani.

A tashar bas ta kan Stratford Road na dace, ina jiran bas na kira wata gona. Wata mata ce ta ɗauka, muryarta kamar ta mai dariya. Ta ce gonarsu ta shanu ce, ba tumaki, filin shimfiɗaɗɗe ne, mota na shiga har bakin rafi. Ta tambayi sunan karyar da shekarunta. Na ce Bess, sha uku. Ta ce, "Allah sarki, tsohuwa. Ku kawo ta, zan ajiye mata kwanon ruwa a bakin ƙofa." Na yi godiya na kashe wayar, bas biyu suka wuce ni ina tsaye.

An sallamo Kaka, likita ya yarda da fitar yini ɗaya, ban da kwana. Na ce masa Bess tana wurin Mark har ƙafarsa ta yi ƙwari, za a kawo ta can. Sai na shirya abin yadda ya kamata. Na je wurin Dattijo Ishaya na durƙusa na gaya masa komai, na roƙe shi ya kai mu a motarsa, in mun isa shi zai faɗa wa tsohon, don ni yarinya ce, maganar ta fi bakina. Na zaci zai yi mini dariya, mutumin Pankshin a ce ya yi ta'aziyyar kare. Bai yi ba. Ya kalli matarsa, ita ma ta kalle shi.

Ya ce, "Ranar Asabar ba ki da shift a wurin aiki, ko? Full day, yini guda?"

"Ba ni da shi, Dattijo."

"To za mu je. Da Mamanki za mu je."

Na ce ba sai an wahalar da Mama ba, ga ciwon gwiwa. Mama Talatu ta ce, "Ke dai bari. Tun da na zo ƙasar nan daga flat sai coci sai wurin likitanmu GP, bari in ga dajinsu."

Mun bar Birmingham da hantsi. Bayan sa'a guda gidaje suka ƙare, hanya ta tsuke ta zama kamar ta shanu, shinge kore dama da hagu, in mota ta taho sai ɗaya ta ja da baya. Sau biyu muna ɓata. Kaka na gaba yana nuna tsaunuka yana kiran sunayensu kamar 'yan uwansa. A cinyarsa akwai wata 'yar jaka da ya ƙi bari in riƙe masa. Mama Talatu kuwa tun da muka tashi ta kama hannuna a baya ba ta saki ba, na ɗauka tsoron hanyar take ji.

Kwanon yana nan a bakin ƙofa kamar yadda matar ta ce, cike da ruwa. Ta fito da takalmin roba tana leƙen motar tana tambayar ina tsohuwar. Na ce tana tafe a baya. Filin ya yi kyau har ya ba ni haushi: ciyawa kamar an share, rafi na gudu, karnukan mutane na guje-guje tsakanin tantuna. Dattijo ya yi kokawa da tsohon tantin Kaka kusan rabin sa'a, Kaka na ba da umarni daga kekensa, har abin ya tsaya a karkace. Muka tura shi bakin tantin, na rufa masa bargo, na zuba ruwa a kofi na ba shi. Sannan na yi wa Dattijo ido.

Dattijo ya jawo kujera ya zauna gabansa, ya gyara murya, ya fara da Turancinsa na wa'azi. Ya ce duniya kasuwa ce, kowa ya ci tasa sai ya koma gida. Ya ce Ubangiji ne ya bayar, shi ne kuma mai karɓa. Ya shiga labarin Ayuba. Kaka ya saurara cikin ladabi har aka kai wajen raƙuman Ayuba, sannan ya ɗaga hannu.

Ya ce, "Malam, na gode. Bess ta mutu, na sani." Ya buɗe jakar nan ya fito da abin wuyanta da igiyarta. "Mark ya gaya mini a ranar, daga wurin likitan ya wuce asibiti. Mu nan faɗa muke yi."

Na ji kamar ƙasa ta buɗe in shige. Na ce, "Kaka, ka sani, ka bar ni sati biyar ina zuba kamar kanya?"

"Da farko na zaci ba ki da labari. Sai na ga rigarki ba gashi ko ɗaya, idonki kuma a kumbure. Na gane yadda kuke yi ke nan in kuna son mutum." Ya shafa abin wuyan. "Kuma duk zuwanki kina kawo mini ita da rai. Wa zai ce a daina?"

Na durƙusa a ciyawa ina ba shi haƙuri, ina kuka ina dariya. Ya bar ni na yi mai isata. Wani ƙaramin kare ya zo ya shinshina bargonsa, ya sosa masa kunne har mai shi ya kira shi. Sannan ya dube ni, ba wasan jika a fuskarsa.

"Rifkatu, akwai abin da ke damuna, ban san ko hurumina ba ne. Ranar da kika ce babanki na gaishe ki, ya ci abinci sosai. Kalmomin da kika kawo mini ke nan a asibiti, ba ragi ba ƙari. Yaushe rabon da ki ji muryarsa da kunnenki?"

Na buɗe baki in ce Lahadin da ta wuce, sai na tuna ba ita ba ce. Na koma baya, Lahadi bayan Lahadi, ban same shi ba. Na juya wajen Dattijo don ya ce wa tsohon nan ya daina wannan magana. Dattijo ya riga ya cire hularsa. Ya juyo da kujerarsa ta fuskance ni, kujerar da ni da kaina na sa shi ya zauna a kai. Sai a lokacin na gane abin da ya fito da mai ciwon gwiwa zuwa daji saboda kare.

Ya ce da Hausa, a hankali, "Rifkatu, tashi ki zauna a nan. Yayanki ya kira ni tun kwanaki, muna ta neman ranar da ba ki da aiki."

Na ce, "Dattijo, kada ka fara da Ayuba. Yaushe?"

"Sati huɗu jiya. An yi jana'iza lafiya, mutane sun zo sosai. 'Yan gida sun ce in kin ji za ki bar aiki ki taho, takardunki su lalace, shi kuma tun yana da baki ya ce kada a tayar miki da hankali."

Na lissafa. Ranar da ake saka Babana a ƙasa ina bakin gadon wani ina ba shi labarin karya ta kori tantabara. Ban yi ihu ba. Na so in ji haushin Yaya Bitrus, na nema a zuciyata ban samu ba, don na san nauyin abin da ya ɗauka duk Lahadi, na san inda yake tsayawa ya huta in ya kashe wayar. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ban san wace Lahadi ce ta ƙarshe ba, da ban yarda na kashe da wuri ba.

Kaka bai ji Hausar ba, amma bai tambaya ba. Ya miƙo hannu ya ɗora a kaina, ɗaya hannun riƙe da igiyar Bess. Mama Talatu ta ɗauki kofin da na ba shi ɗazu, ta ɗauraye, ta cika shi da ruwa ta kawo bakina.

Ta ce, "Sha, 'yata."

Na sha.